Yadda Za Ka Liƙa Faci a Rufin Jirgin Ruwa Mai Rimot Ya Kwanta Luf

Kusan duk Asabar ɗin da muka sauke ƙananan jiragenmu a bakin dam ɗin Dadin Kowa sai wani ya tsuguna kusa da nawa, ya shafa rufinsa da yatsa, ya ce, "Malam, wai wa ke liƙa maka facin nan? Nawa kwana biyu ya fara ɗagowa kamar fostar 'yan siyasa da ruwan sama ya daka." Wasu kuma ta waya suke turo hoton nasu, duk ya tattare, gefensa ya yi baƙi da ƙura. Na gaji da maimaita bayani ɗaya a tsaye cikin rana, shi ya sa na zauna na rubuta shi daki-daki.

Jiragen da nake magana a kansu su ne ƙananan jiragen ruwa masu tafiya da iska, irin DragonForce 65 na kamfanin Joysway mai tsawon santimita 65, da yayansa DragonFlite 95, da kuma manyan nan masu tsawon mita 1. Dukansu suna da ƙofofi a rufinsu, ta nan ake saka batir, ta nan ake kaiwa ga risiba mai karɓar saƙon rimot, da sarbo biyu, wato ɗan injin da ke jan igiyar ƙyallen iska da wanda ke juya sitiyarin ƙarƙashin ruwa. Faci mai gam shi ke rufe waɗannan ƙofofi. In ya ɗaga ko da faɗin farce ne, ruwa zai shiga. Kuma a sani tun yanzu, yawancin facin da ke ɗagowa ba laifin sitika ba ne, tun kafin a ɓare takardar bayanta aka ɓata aikin.

Kayan da za ka tanada

Abin facin kansa iri biyu ne. Akwai yadin Dacron mai gam a baya, wanda ake yanka lambobin ƙyallen jirgi da shi. Shi ne galibi ke zuwa cikin kwalin sabon jirgi, yana da sauƙin sarrafawa, ba ya miƙewa, amma in ya ƙare sai an yi odarsa daga waje, kuɗin kawowa ma ya kan fi kuɗin kayan. Sai kuma sitika irin ta masu buga allon talla, wadda za ka samu a cikin garin Gombe, ko wajen Wunti in kana Bauchi. Da ita nake aiki yanzu. Kada ka ce a yanko maka daga sabon nadi, ka ce wa mai shagon, "Maigida, a taimaka min da ragowar yanka." Guntayen da suke zubarwa sun ishe ka, wani ya karɓi ɗan abin shan ruwa, wani ya ce ɗauka kawai. Guntu mai faɗin santimita 30 da tsawon 50 zai ba ka faci 12 masu girman santimita 9 da 12.

Ka nemi mai laushin nan da ake liƙa wa jikin mota. Mai arha, mai tauri, in ta sha rana janyewa take yi ta bar zoben gam a gefe, ƙura ta bi zoben. Ka ɗauki fara ko mai haske. Baƙa tana da kyau a hoto, amma a watan Maris da Afrilu da zafin garin nan ke haura digiri 40, cikin jirgin zai zama tanda. Ka guji mai ƙyalƙyalin azurfa ko ruwan gwal, domin wasunsu na da ƙarfe-ƙarfe a jiki, suna iya tare saƙon rimot in eriyar risiba na ƙarƙashinsu.

Sauran kayan: sifirit na kemis, tsumman auduga mai tsabta wanda ba ya zubar da zare, sabulun ruwa na wanke-wanke, farar takarda mara kauri, fensir, rula, almakashi mai kaifi, sabuwar reza, salatef ɗin takarda na masu fentin mota, tsohon katin ATM, murfin kwalbar lemo, da tsohon fim ɗin hoton ƙashi na asibiti. In akwai diraya ta busar da gashi a gida, a aro. Sifirit da salatef ɗin ne kawai za su ci maka kuɗi, kuma kwalba ɗaya da nadi ɗaya za su kai ka watanni.

1. Cire tsohon faci

Ka ɗumama shi da diraya, ko ka ajiye jirgin a rana minti 3 zuwa 5, sannan ka kama kusurwa ɗaya ka ja shi baya a kwance, kusa da jikin rufin, a hankali. In ka fizge shi sama a tsaye, gam ɗin zai zauna a jirgi, wani lokaci har da fenti zai taso. Ragowar gam kuwa ka murza da babban yatsa, zai dunƙule ya fita. Wanda ya ƙi, ka ɗiga kananzir kaɗan a tsumma ka goga.

*Hattara:* kada tina ta masu fenti ko fetur ko ruwan goge jan farce su kusanci jirgin. Jikin DragonForce roba ce da ake kira ABS, waɗannan suna narkar da fuskarta, ta yi fari-fari ta yi laushi. Kada kuma ka kankare da reza. Kowane ɗan tsagi da reza ta bari hanyar ruwa ce a ƙarƙashin sabon faci.

2. Wanke wurin

Nan ne mutane ke gaggawa, nan ne kuma ake faɗuwa. Ka wanke kewayen ƙofar da ruwa da ɗigon sabulu, musamman in ka yi amfani da kananzir, domin maiƙo yake bari kuma gam ba ya kama maiƙo. Ka toshe ƙofar da tsumma kada ruwa ya gangara ciki. Ka ɗauraye, ka tsane, ka bar shi ya bushe sarai. Daga nan ka jiƙa tsumma da sifirit ka goge faɗin yatsa biyu kewaye da ƙofar, ka juya tsumman ta wuri mai tsabta ka sake. Daga wannan lokaci yatsanka kada ya sake taɓa wurin, balle in ka shafa basilin saboda hunturu.

Aikin nan a cikin ɗaki ake yinsa, a rufe taga, a kashe fanka. Ni na koyi wannan da tsada. Wata rana cikin Janairu, buji ya turnuƙe gari, na liƙa faci a bakin dam a kan murfin but ɗin mota. Da ido ya yi kyau. Iska ta taso, jirgin ya juya mata baya ya dulmiya hanci cikin ruwa sau biyu, a na uku sai na ga ya daina jin rimot, yana ta kewaya wuri ɗaya. Wani dattijo masunci ne ya tuƙa kwale-kwalensa ya ɗauko min, ya miƙo yana dariya, ya ce, "Yaro, jirgin naka ya sha ya ƙoshi." Na ce, "Wallahi Baba, har ya yi gyatsa." Da na ɓare facin, gam ɗinsa ya yi ja da ƙura kamar an barbaɗa masa garin yaji. Sarbon jan igiya bai sake motsi ba. Sitika in aka ɓare ta tana jawo ƙura da kanta, yadda leda ke manne wa hannu a lokacin sanyi, don haka 'yan daƙiƙoƙi a waje sun isa.

3. Fitar da ma'auni

Bambancin facin da ya yi kama da na kamfani da wanda ya yi kama da na gaggawa yana nan. Kada ka taɓa yanka sitika da ƙiyasin ido.

Shimfiɗa farar takarda a kan ƙofar, ka kama gefenta da guntayen salatef, ka kwantar da bakin fensir ka goga a hankali. Bakin ƙofar zai fito a takardar tsaf, yadda yara ke fitar da hoton kwabo. Cire takardar ka shimfiɗa a tebur. Da rula, ka auna milimita 10 daga layin zuwa waje, ka ɗiga alama a wurare da yawa, ka haɗa su. Wannan milimita 10 ita ce wurin da gam zai kama. In wuri ya matse za ka iya saukowa zuwa 8, amma ƙasa da haka ba na yarda da shi. Wuce 15 kuma ɓarnar sitika ce, kuma faci mai faɗi ya fi saurin tattarewa a inda rufi ya lanƙwasa.

Yanzu kusurwoyi. Ɗora murfin kwalbar lemo a kowace kusurwa ka zagaye da fensir, ta zama mai da'ira. Kusurwa mai tsini ita ce farkon abin da ke ɗagowa, igiya ta kama ta, tsumma ya kama ta, ruwa ya shiga ƙarƙashinta. Faci mai kusurwa huɗu masu tsini ko sabo ne kallon tsoho ake masa.

In akwai ƙugiya ko sukurun da ya faɗo cikin milimita 10 ɗin nan, kada ka haye kansa. Ka zana masa ɗan lungu mai da'ira ka kewaye shi. Abin huda takarda na ofis yana fitar da wannan lungun da kyau fiye da almakashi.

Sai ka manna takardar a kan fim ɗin hoton ƙashi, ka yanke su tare. Kwali ma zai yi, sai dai bakinsa na lalacewa bayan zane biyar ko shida, fim kuwa shekara zai yi yana aiki, kuma kana hango abin da ke ƙasa ta cikinsa. Ja layi a tsakiyarsa daga gaba zuwa baya, ka zana kibiya mai nuna hancin jirgi, ka rubuta sunan ƙofar: ta batir, ta sarbo, ta baya. Ɗora shi a jirgin ka duba kafin ka ci gaba.

4. Yanka

A bayan sitika ake zane, a kan takardarta. Saboda haka ka kifa ma'aunin, fuskarsa ta kalli ƙasa. In ƙofar ba daidai take hagu da dama ba kuma ka manta ka kifa, facin zai fito a juye kamar rubutu a madubi. Na yi wannan kuskuren fiye da sau ɗaya.

Layi miƙaƙƙe da reza da rula, a kan gilashi ko katako mai santsi, ja ɗaya. Kusurwa da almakashi, kana juya sitikar, almakashin na tsaye wuri ɗaya. Tunda ka zauna, yanka huɗu ko biyar na kowace ƙofa, ka saka su a tsakiyar littafi su kwanta. Wanda aka naɗe ya kan riƙe lanƙwasarsa.

Ga wani abu da mutane da yawa ba sa yi: tsakiyar facin da ke saman ramin gam ne a buɗe yana kallon cikin jirgi. Waya ko igiyar sarbo in ta taɓa shi za ta manne. Ka yanki guntun fim ko leda mai ɗan kauri daidai girman ramin, ka ajiye, za ka manna shi a tsakiyar facin ta ciki a mataki na 7. Yana kuma hana facin lotsawa.

5. Gama da cikin jirgi

Batir ya cika, an ɗaure shi ba ya yawo. Kunna rimot ka gwada sarbo biyun. Eriya na inda ya kamata. Saka ɗan guntun soson katifa a ƙasan jirgin ya tsotse ɗigon da ya shiga. Ba abin haushi kamar ka liƙa faci ya yi kyau sannan ka tuna ba ka haɗa wayar batir ba.

6. Saita shi kafin gam ya taɓa jirgi

Kafa jirgin a kan mazauninsa, ko ka tokare shi da matashi biyu, kada ya motsa. Manna ɗan salatef a gaban ƙofar da bayanta, nesa da inda ka goge, ka ɗiga alamar tsakiyar jirgi a kansu. Ɗora facin da takardar bayansa a jiki, ka daidaita tsakiyarsa da alamomin nan biyu. Ka leƙa ta sama, ka leƙa ta hancin jirgi, ka tabbata milimita 10 ɗin ta rabu daidai kowane gefe. Ɗauki lokacinka a nan, tunda ba abin da ya manne tukuna.

In ya zauna yadda kake so, ka gicciya salatef ɗin takarda a tsakiyar facin daga hagu zuwa dama, ya kama rufin jirgi ta gefe biyu. Ya zama kamar hinjin ƙofa ke nan: rabin gaba na iya ɗagawa, rabin baya na iya ɗagawa, amma facin ba zai goce ba. Masu cire takarda gaba ɗaya su riƙe faci a iska da hannu biyu suna neman saiti, su ne ke kawo min hoton abin da ya karkace.

7. Liƙawa

Ɗaga rabin gaba ka kwantar da shi baya a kan hinjin. Ɓare takardarsa zuwa tsakiya, ka yanke ta da almakashi. Kada ka yage ta da hannu, yagaggen baki na zubar da gashin takarda a kan gam. Riƙe bakin facin da farce ko da guntun takardar da ka cire, ka sauke shi sannu a hankali, kana bin sa da katin ATM da ka naɗe da tsumma, daga tsakiya zuwa gaba, daga ciki zuwa gefe. Cire hinjin. Ɗaga rabin baya, ka zare sauran takardar, ka zura guntun fim ɗin nan ya zauna a saitin ramin, sannan ka sauke wannan rabin kamar na farko. In fim ɗin zai ba ka wahala a nan, manna shi tun a tebur: ka tsaga takardar bayan a tsakiya, ka cire daidai girman ramin, ka sa fim a gurbin.

*Hattara:* kada ka ja sitika don ta miƙe. Duk abin da ka ja, rana za ta mayar da shi, gefe ya janye. Kada kuma ka danna kati a saman ramin, wurin da ba komai a ƙasa. Ƙarfinka duka a kan milimita 10 na gefe zai ƙare.

Masu shagon sitika za su ce ka fesa ruwan sabulu kafin ka liƙa, yadda suke yi a gilashin mota. A gilashi dabara ce mai kyau. A nan kuwa ruwan zai gangara kan risiba, gam ɗin kuma zai yi kwanaki bai kama ba. A bushe ake liƙa wannan.

Ka gama da ɗumama gefen da diraya daga nesa, tazarar kamar tsawon tafin hannu, ɗumin da yatsa zai iya jurewa, ka bi shi da babban yatsa kana dannawa zagaye biyu. Irin wannan gam da dannawa yake kamawa, kuma ƙarfinsa na ƙaruwa cikin sa'o'i 24. Shi ya sa nake liƙa nawa ranar Juma'a da yamma in za mu fita Asabar.

Kumfar iska in ta maƙale a gefe, tura ta waje da kati, ko ciki wajen ramin. Kada ka huda da allura. Tattarar da ta taso daga bakin rami ta kai bakin faci kuwa magudana ce, ba ta gyaruwa da danna. Cire ka ɗauko wani daga littafi.

8. Inda rufi ya lanƙwasa, da inda faci biyu suka haɗu

A wuri mai lanƙwasa ka fara manna layin tsakiya, sannan ka gangara gefe-gefe da ɗumi kaɗan. Dacron ba ya bin lanƙwasa biyu a lokaci guda, sitika mai laushi ta fi shi a nan. In faci biyu dole su hau juna, fara liƙa na baya, na gaba ya hau kansa. Dubi yadda kafinta ke jera kwanon rufi: na sama ke hawa na ƙasa don ruwa ya wuce ta kai. A jirgi ruwa daga hanci yake zuwa ya nufi baya.

Facin ƙofar batir, wanda za ka riƙa cirewa kullum, ka bar masa ɗan kunne a gefen baya, ka ninke shi gam ya kama gam, ya zama abin kamawa. Kunnen ƙari ne a kan milimita 10, ba daga cikinta ake cire shi ba. Ka tabbata ba ya kan hanyar igiya. Sauran ƙofofin ba na yi musu kunne.

9. Gwaji a gida

Kafin ka rufe ƙofar ƙarshe ka saka busasshen tishu a ciki. Cika baho, ka sa jirgin, ka kwantar da shi hagu, ka kwantar dama, ka danna hancinsa ƙarƙashin ruwa kamar daƙiƙa 10, ka tsiyaya masa ruwa da buta ta ko'ina. Buɗe ka duba tishun.

In ya jiƙe, kada ka yi saurin zargin faci. Shafa kumfar sabulu a gefen facin da sauran wurare, ka cire toshiyar ramin tsiyaye ruwa, ka hura iska da baki a hankali ta cikin ɗan bututu. Inda kumfa ta kumbura nan ne ɓarakar. A hankali na ce, ba da famfon keke ba, kada ka ɗaga facin da kanka. Sau da yawa za ka tarar ta bututun sandar sitiyari ruwan ke hawowa, wanda ɗan basilin ke magancewa, ko ta ramin da igiya ke fitowa, ko ta gindin wani sukuru.

10. A bakin ruwa

Jirgin da aka rufe ruf aka bari a rana, iskar cikinsa na kumbura ta turo facin sama kamar burodi. Ka jefa shi cikin ruwa mai sanyi, iskar ta tsuke, ta zuƙo ruwa ta duk wata 'yar kafa. Don haka muddin jirgi na kan tudu, ajiye shi a inuwa, toshiyar ramin tsiyaye ruwa a cire. Sai za ka sauke shi ka mayar da ita, kuma ka mayar ɗin, ka duba sau biyu.

In dole ka canza batir a can, shiga mota ka rufe gilashi. Tsane rufin, goge da sifirit, jira minti 1, ɗauko sabon faci daga littafi. Wanda ka cire, in na sitika ne, kada ka mayar, ko da ya yi kama da mai sauran rai. Dacron ya kan yarda a ɗaga shi a mayar sau ɗaya ko biyu in rufin a bushe yake, sitika kuwa da ta miƙe wajen cirewa ta gama aiki.

Da kun tashi, tun kafin a kama hanyar Gombe, ɓare facin batir, cire batirin, matse soson, ka bar ƙofar a buɗe har gida. Ko ɗigo bai shiga ba akwai gumi a ciki, kuma shi ke sa bakin wayoyi yin kore. A gida ka jingine jirgin hancinsa sama a wurin da iska ke ratsawa, ka yafa masa tsohon ɗankwali saboda ƙura, sai Juma'a ta zagayo ka goge ka liƙa sabo.